Zuwa ga 'yan Majalisar Tarayya: mijina ɗan Maraɗi ne, kuma ya ƙi yarda ya yi ƙarya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Masu girma sanatoci da 'yan Majalisar Wakilai, musamman ku namu na Arewa, ranku ya daɗe. Ina gaisuwa, ya aiki ya jama'a. Ni malamar makaranta ce a nan Kano, kuma tunda nake ban taɓa rubuta wa hukuma komai ba in ka cire takardar neman hutun haihuwa, to amma maganar nan ta hana mijin 'yar Najeriya rajistar zama ɗan ƙasa ta daɗe tana cin raina, na yi wa maigida ƙorafi ya ce in yi haƙuri, na yi wa Hajiyarmu ta ce in yi addu'a, duk na yi, yanzu kuma ku nake so ku ji tunda gyaran a hannunku yake.

Mijina ɗan Nijar ne, haifaffen Maraɗi. Shekararmu 11 da aure, 'ya'ya huɗu, shi kuma shekararsa 13 a Kano yana harkar aya da wake da riɗi a Dawanau. Ba wani baƙo ba ne a danginmu ma, kakarsa ta wajen uwa da kakanmu 'yan ɗaki ɗaya ne, irin zumuncin nan na Katsina da Maraɗi da ya girmi iyakar da Turawa suka shata. Ko ba a faɗa muku ba kun san har yau sarkin can Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce masa, tun daga zuriyar sarakunan Katsina da suka koma can bayan jihadi.

To ga inda abin yake. Yayana shi ma a wannan gidan ya yi aure, ƙanwar mijina ya aura, 'yar baffansa, unguwa ɗaya suka tashi. Da Yaya ya tashi nema wa matarsa zama 'yar ƙasa, ƙofa a buɗe ya tarar, domin sashe na 26 na tsarin mulkin 1999 ya ce macen da ke auren ɗan Najeriya, ko ma ta taɓa aurensa, za ta iya yin rajista ta zama 'yar ƙasa in dai tana da halin kirki, ta nuna a nan take son zama, ta kuma yi rantsuwar biyayya. Ba zan ce abin ya zo musu da sauri ba, sun sha cike fom da hoto da jira, amma dai akwai layin da za ta bi kuma ta bi. Ni da na je tambaya a kan nawa mijin sai aka ce ai wannan sashen ba da ni yake ba. Mace aka rubuta. Mijin 'yar Najeriya ba ya ciki, ko da kuwa ya shekara 30 yana ciyar da ita.

Uba ɗaya ya haife mu da Yaya fa. Tuwo ɗaya muka ci, firamare ɗaya muka yi, ranar zaɓe layi ɗaya muke bi a ƙofar makarantar unguwarmu, sai dai shi na maza ni na mata. Shi zamansa ɗan ƙasa ya isa ya lulluɓe matarsa, nawa kuma bai kai ya rufe ko hular mijina ba.

Abin da ya rage masa shi ne sashe na 27, wanda duk wani baƙo yake bi, Balabanon da ya zo kafa kamfani da ɗan Sin mai sayar da yadi da mijina duk kwando ɗaya. Sai ya zauna shekara 15 a jere, ko kuma ya yi wata 12 a jere sannan a cikin shekara 20 da suka gabata a haɗa zamansa ya kai 15. Sai gwamnan jiha ya gamsu cewa mutanen wurin sun karɓe shi kuma ya saje da rayuwarsu, sai an ga yana da amfanin da zai yi wa ƙasa. Wannan na sajewa da mutane shi yake ba ni dariya, mutumin da in ana ɗaurin aure a layinmu shi ake turawa karɓar sadaki. Kuma lauyan da muka gani ya gaya mana gaskiya, ya ce shekarun ba a baki ake ƙirga su ba, takarda ake so. A nan kam laifinmu ne, ba zan ɓoye ba. Shekarunsa na farko haka yake shigowa kamar kowa, tunda yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ba biza har kwana 90, shi kuma ɗan kasuwa ne, yau yana Dawanau jibi yana Jibiya gata yana gida, bai taɓa kawo wa ransa katin zama ba sai bayan haihuwarmu ta biyu. Kenan a ido shekara 13, a takarda ba su kai haka ba.

Za ku ce ai akwai matsayin baƙo na musamman da Ma'aikatar Cikin Gida take bayarwa, wanda ake kira SIS, kuma tsarin bizar da aka ƙaddamar a 2020 ma ya ware aji na zaman dindindin ga mijin ko matar ɗan ƙasa. Haka ne akwai, kuma ba na raina shi, da babu gara ba daɗi. Amma don Allah ku buɗe sashe na 32 ku karanta da kanku. Cewa ya yi shugaban ƙasa zai iya yin ƙa'idar ba da wannan matsayi ga mazaje ko matan 'yan Najeriya waɗanda BA SA SON zama 'yan ƙasa. An tanade shi ne don wanda ya ce shi zama kawai yake so, ƙasarsa ta ishe shi. To wanda yake so fa? Shi aka ɗauka aka zaunar a wannan benci, aka ce ga naka nan. Matar Yaya zaɓi aka ba ta, ko wannan ko wancan. Mijina ba a tambaye shi ba.

Kuma zama da izini daban, zama ɗan gida daban. Bari in ba ku misali ɗaya da ya hana ni barci. Da muka tashi sayen fili a bayan gari, kuɗinsa ne kaf, na ayar shekara uku, ni ko bulo ɗaya ban saya ba. Lauya ya ce kada a kuskura a sa sunansa, ya kawo mana shari'ar wani Bajamushe a kan fili a Kajuru ta jihar Kaduna, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2017 cewa dokar filaye ta 1978 don 'yan Najeriya aka yi ta, baƙo ba ya riƙe irin wannan mallaka. Sai aka rubuta sunana. Ƙawayena har tsiya suke min wai na ci banza, gida sukutum. Ni kuwa lissafin da nake yi daban, in Allah ya ɗauki raina kafin shi, a takarda gidan nawa ne, gado za a raba, shi rubu'i zai samu tunda akwai 'ya'ya, iyayena kowa sudusi, sauran na yara. Mutum ya gina gida da guminsa ya dawo yana da kashi ɗaya cikin huɗu. Mun dai rubuta wata takarda a gaban shaidu biyu da limamin masallacinmu cewa amana ce a hannuna, tana cikin wani koren fayil tare da takardar aurenmu da katinsa da takardun haihuwar yara, na naɗe a leda biyu saboda damina, yana saman wardirof. Duk tafiyar da za mu yi da shi muke tafiya kamar jariri.

Sannan akwai hanya. Bara muna dawowa daga biki aka tsayar da motarmu a wani shinge, masu kaki suka leƙo suna tambayar kowa garinsu. Shi maigida in an zo irin wurin nan shiru yake yi don harshensa yana tona shi, biyat yake cewa, tahiya, hwarko, in ya manta ma ya ce lakwal maimakon makaranta. Aka zo kansa ya ce Maraɗi. Aka ce ya sauko. Katinsa lafiya lau, bai ƙare ba, amma sai da muka yi kusan awa a rana, direba yana ta tsaki, wata mata a baya tana cewa ai da ya ce Katsina da tuni mun wuce. Babban ɗanmu yana da shekara tara lokacin, bai ce komai ba, sai da muka iso gida ina zuba musu abinci ya ce Umma ni in an tambaye ni me zan ce. Na ce ka ce Kano mana. Ya ce to Abba fa.

Maganar matar nan ta cikin mota ita ce ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Ranku ya daɗe kun fi ni sanin yadda ake yi a garuruwan iyaka. Mutane nawa ne suka ba mu shawara, har da masu ilimi, cewa ya je kawai ya samo takardar shaidar ƙaramar hukuma, ya ce shi ɗan wani ƙauye ne a bakin iyaka, wa zai gane, Hausa ɗaya, kama ɗaya, addini ɗaya, cikin sati ya zama ɗan ƙasa har da katin zaɓe. Shi kuma ya ce ba zai yi ba. Ya ce kabarin mahaifinsa yana Maraɗi, ba zai tsaya gaban hukuma ya rantse cewa a wani wuri aka haife shi ba, in ya yi haka da wane baki zai hana yaransa ƙarya. Na yi fushi da shi a lokacin wallahi, har kwana biyu ban yi masa magana sosai ba, don gani nake taurin kai ne kawai. Yanzu na daina. Amma ku duba abin da dokar take haifarwa, wanda ya yi ƙarya ya huta, ba mai sake tambayarsa har ya mutu, wanda ya faɗi gaskiya shi ne a rana a bakin shinge. In tsaro ake ji, ai wanda ya kawo kansa da fasfo ɗinsa da hoton yatsunsa ya ce ga ni ku bincike ni, shi ne hukuma ta san da zamansa.

Na san wannan magana ta taɓa zuwa gabanku. Ranar 1 ga Maris 2022 Majalisa ta tara ta kaɗa ƙuri'a a kan gyare-gyaren tsarin mulki, a ciki akwai ƙudurori biyar da suka shafi mata, ɗaya daga ciki shi ne wannan na ba mijin 'yar Najeriya damar rajista. Har Hajiya Aisha Buhari ta je zauren da kanta kafin ranar don nuna goyon baya. Duka biyar ɗin suka faɗi. Mata suka yi kwanaki a ƙofar Majalisa, ranar 8 ga wata Majalisar Wakilai ta ce ta janye matsayinta a kan uku za ta sake dubawa, har da namu. Daga nan shiru kake ji. A Maris 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a kan gyare-gyare 16, jihohi suka samu damar yin wutar lantarki da jirgin ƙasa da gidan gyaran hali, duk abubuwa masu kyau, amma namu babu shi. Ni a ganina abin da ya kashe shi haɗa shi da aka yi da maganar kujerun mata da kason muƙamai, aka yi musu kuɗin goro, wanda ba ya son waccan sai ya danna a'a har da wannan. Alhali ni ba kujera nake nema ba, ko kansila ba na so.

Na ji hujjojin da ake kawowa kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Ana cewa a al'adarmu da addininmu mace ce take bin miji, in kin auri ɗan Nijar sai ki tattara ki koma Nijar. To wadda ta koma Allah ya ba da zaman lafiya, da yawa sun koma. Amma ina aka haramta wa namiji zama a garin matarsa? Annabi Musa alaihis salam a Madyana ya yi aure ya zauna a wurin surukinsa, shekara takwas ko goma aka yi sharaɗi, yana nan a Suratul Ƙasas. Mu Hausawa ma da bakinmu muke ba yara labarin Bayajidda, baƙo daga gabas ya sauka Daura da dare, ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu, ya auri sarauniya. Da yau ya zo sai dai a ce masa sannu da ƙoƙari, je ka kawo shaidar zaman shekara 15.

Kuma tsarin mulkin da kansa bai tsaya a kan wai jini ta wajen uba kaɗai yake bi ba. Sashe na 25 ya ce uwa ko uba, ko ma kaka in a nan aka haife ka. Yarana huɗu 'yan Najeriya ne na haihuwa ta dalilina, ba wanda ya isa ya ce a'a. Dattawan cikinku za su tuna Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar Borno a jam'iyyar GNPP, da aka ɗauke shi a 1980 aka kai Chadi wai ba ɗan ƙasa ba ne saboda asalin mahaifinsa, kotu ta dawo da shi, kuma zaman mahaifiyarsa 'yar ƙasa yana cikin abin da ya tsaya masa. To in zan iya ba ɗana, me ya sa ba zan iya buɗe wa ubansa ƙofa ba? Ga kuma sashe na 42 da ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci don shi namiji ne ko mace. Littafi ɗaya, shafi kaɗan tsakani.

Sai masu cewa baƙi za su kwararo su auri 'yan matanmu don takarda, su zo su mulke mu. Na mulki dai tsarin mulki ya riga ya toshe, shugaban ƙasa da gwamna sai ɗan ƙasa na haihuwa, sashe na 131 da na 177. Wanda ya samu ta rajista kuma in kotu ta tabbatar ya ci amanar ƙasa, sashe na 30 ya ba da damar a ƙwace. Na auren bogi kuwa gaskiya ne ana yi a duniya, mu ma 'yan Najeriya ai mun san auren biza, ba sai an ba mu labari ba. Amma maganinsa bincike ne. Ku sa sharaɗi mai tsauri, ku ce sai aure ya kai shekara biyar ko bakwai, sai an ga suna zaune tare, a tambayi mai unguwa da liman da maƙwabta, a duba ko yana da laifi a ƙasarsu, ni duk na yarda, in dai sharaɗin zai hau kan matar Yaya kamar yadda zai hau kan mijina. Kenya haka ta yi a tsarin mulkinta na 2010, shekara bakwai da aure, mace ko namiji. Ghana tun 1992 ta rubuta mace mai auren ɗan Ghana ko namiji mai auren 'yar Ghana. Abin da ya fi ba ni kunya a gaban surukaina, ita kanta Nijar ta gyara dokarta a 2014, 'yar Nijar tana iya ba mijinta baƙo damar neman zama ɗan ƙasa. Wato da Yaya zai koma Maraɗi da zama, shi yana da hanya ta dalilin matarsa. Ko ta ina dai shi ya ci.

Abin da ya ƙara tayar min da hankali shi ne 'yan shekarun nan. An rufe iyaka a Agusta 2019 sai Disamba 2020 aka buɗe. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa har Maris 2024, a wannan karon maigida yana can ya je duba mahaifiyarsa ba ta da lafiya, ni ina nan da ciki wata bakwai, yadda ya dawo labari ne na wata rana. Sannan a Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ECOWAS. An ce dai a ci gaba da shige da fice kamar da kafin a ga yadda za a yi, to amma gidan mutum da 'ya'yansa ba a ɗora su a kan kafin a ga yadda za a yi. Duk sanda na ji a rediyo Abuja da Yamai sun yi musayar magana sai gabana ya faɗi, in kalli saman wardirof. Ana kuma shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita kusan 284, a kai buhun aya cikin sauƙi, mai ayar kuma yana jiran shekara 15.

Ranku ya daɗe, roƙona ƙarami ne. Sashe na 26, ƙaramin sashe na 2, inda aka ce macen da ke auren ɗan Najeriya, a mayar da shi duk wanda ke auren ɗan Najeriya ko 'yar Najeriya. Na san ba a ɗaki ɗaya ake gamawa ba, sai sanatoci 73 da wakilai 240 sun yarda, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36. Shi ya sa na ce musamman ku na Arewa, jihohi 19 gare mu, in kun ƙi ba zai wuce ba, kuma mu ne muke da iyaka da Nijar da Chadi da Kamaru, daga Illela zuwa Maigatari zuwa Gamboru zuwa Mubi, mu ne muka fi kowa irin wannan aure ko da ba ma zuwa Abuja da kwalaye. Kada ku ɗauka maganar matan Legas ce masu auren Turawa. Su ma suna da haƙƙi, amma ku tambaya a mazaɓunku ku ji. Mai girma Sanata Barau Jibrin, kai ne shugaban kwamitin gyaran tsarin mulki na Majalisar Dattawa kuma ɗan Kano ne, Dawanau ba sai an yi maka kwatance ba. Don Allah a ware wannan ƙuduri shi kaɗai a kaɗa masa ƙuri'a, kada a sake cusa shi cikin tarin wasu, kuma a bayyana sunan wanda ya ce e da wanda ya ce a'a mu gani.

Maigida bai san na rubuta wannan ba sai da na gama na karanta masa. Ya yi dariya a wurin Bayajidda, ya ce in cire maganar fushin da na yi da shi, na ce ba zan cire ba. In kun sa ranar jin ra'ayin jama'a a Kano a sanar da wuri a rediyo, zan nemi izini a makaranta in zo, da koren fayil ɗin.

Wassalam. Allah ya yi muku jagora.

Taku,
wata malamar makaranta daga Kano.